Shawarwari Kan Tsara Na'urori da Samfurin Kwamfuta

Injiniyoyin da suka tattauna batun yadda za a tsara na'urori da taimakon kwamfuta sun fi ƙarfafa cewa a daina warwatsa bayanan aiki a takardu barkatai, a tara buƙatu da zane da gwaje-gwaje cikin samfuri guda na kwamfuta, ta yadda idan aka ƙara nauyin batirin jirgi maras matuƙi, nan take za a ga sassan da sauyin ya shafa. Wasu sun yaba da SysML, wani harshen zane da ake gina irin wannan samfuri da shi, wanda OMG, ƙungiyar da ke kafa ƙa'idojin manhaja, ta fitar a 2007 bisa tushen UML, harshen zane na tsara manhaja, amma sun gargaɗi kamfanoni kada su sayi manhaja mai tsada kafin su horar da ma'aikatansu, gargaɗin da a ganina ya fi shafar ƙananan kamfanoni. An kuma nemi a ɗora wa mutum ɗaya alhakin sabunta samfurin.