Muhawara: Mutanen Normandi ne suka ba Ingila kalmomin dukiya?

Barista: Ni dai ina nan kan bakana. Harshen shari'ar ƙasa da dukiya a Ingila na Faransa ne. Wiliyam na Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya ci Ingila a yaƙin Hastings a 1066, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa, a 1086 ya sa aka ƙidaya gonaki da garmuna da dabbobi a kundin Domesday. Estate, tenant, lease, chattel, fee, mortgage, duk ta Faransanci suka shigo. Sai a 1362 majalisa ta yi doka a riƙa yin magana a kotu da Turanci, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta.

Malam Bala: Barista, wannan "duk" ɗin ta yi yawa. Land, deed, own, bequeath, sheriff, kowacce tana bakin Turawan Ingila tun kafin a haifi Wiliyam. Lord ma asalinta hlaford, wato mai tsaron burodi, wanda ke ciyar da gida. Duba yadda lauyoyi ke rubuta goods and chattels: ta farko 'yar gida, ta biyu baƙuwa, an jera su tare.

Zainabu: Yallaɓai Barista, ita fee ɗin fa? An koya mana cewa daga feoh take, kalmar tsohon Turanci mai nufin shanu.

Barista: A kula, ƙanwata. Gaskiya ne feoh tana nufin shanu, tana kuma nufin kuɗi. Amma fee da ke cikin fee simple, wato cikakken mallakar ƙasa a shari'ar Ingila, ba daga ita ta fito ba. Ta zo ne daga Faransancin Normandi, 'yar'uwar fief ce, Latin ɗin lokacin yana ce mata feudum. Ma'anarta ƙasar da kake riƙe wa ubangida, kana biyansa da hidima, yawanci ta yaƙi. Babu saniya a ciki.

Malam Bala: To ita feudum daga ina? Masana da yawa suna mayar da ita ga fehu ta harshen Frank, mutane dangin Jamusawa da suka mulki Faransa a da, dangin feoh, dangin Vieh da Jamusawa ke kiran dabbobi da ita har gobe. Kalmar ta bi ta Faransa ne kawai, ta dawo wa danginta.

Barista: Ba dukkan masana suka yarda da wannan ba, Malam. Ko mun karɓa, a kotu ma'ana ake bi. Ma'anar da alƙalan Ingila suka yi aiki da ita, a hannun mutanen Normandi ta samu.

Baffa: Ku bar ni in sa baki. Chattel da cattle kalma ɗaya ce. Mutanen arewacin Faransa na cewa catel, na tsakiya na cewa chatel, duka daga capitale ta Latin, ita kuma daga caput, kai. Capital ma nan ta fito. Pecunia, kuɗi a Latin, daga pecus take, garke. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko ta wace hanya ka bi, a garke kake tsayawa. Da farko cattle na nufin kowace dukiya mai motsi, daga baya ta tsaya kan dabbobi, chattel ta zauna a kotu.

Zainabu: Baffa, mortgage kam ai ta Barista ce.

Barista: Tawa ce. Mort matacce, gage jingina. Littafin shari'a da ake dangantawa da Glanvill, babban alƙalin Ingila, wajen 1188, ya yi bayaninta: mai bashi ya karɓi gonarka yana cin amfaninta, amma abin da ya ci ba ya rage ko kwabo daga bashin. Idan amfanin yana rage bashi, sunanta jingina mai rai. Wanda ya san jinginar gona a ƙauyukanmu ya san wannan: mai kuɗi ya yi ta noma shekara da shekaru, ranar fansa kuma a ƙirga masa kuɗinsa cif. Littafin ya kira ta rashin adalci, nau'in riba, duk da kotun sarki ba ta hana ba.

Malam Bala: Rabinta taka ce, ranka ya daɗe. Mort daga Latin take, ban musa ba. Gage kuwa ta Frank ce, 'yar'uwar wedd, kalmar tsohon Turanci mai nufin alkawari ko abin da aka ajiye jingina. Daga wedd aka samu wedding, ɗaurin aure.

Barista: Na ji. Sai dai ba wedd ce kalmar da ta zauna a kotunan Ingila a kan jinginar ƙasa ba. Latin da Faransanci suka riƙe takardun kotu, sai a 1733 doka ta tilasta rubuta su da Turanci dindindin.

Malam Bala: Wannan tarihin kotu ne, a kansa ban ja da kai ba. Tambayar da aka yi ta asalin kalma ce, kuma a jerin da ka kawo, fee da gage ba daga Latin suka taso ba.