Ni da abokina bayan an rufe shafinmu na jarida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin damuwa, ku ba ni shawara.

Ni da wani abokina mun fi shekara goma muna rubuta labarin tafiye-tafiye a wata jaridar Hausa ta mako-mako, wannan mako ni, mako mai zuwa shi. Tare muka je Agadas, tare muka kwana a Zangon Kumasi. A 2018 muka bi ta Chadi, Abeche da Adre, muka shiga Sudan har Maiurno a bakin kogin Nilu, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Zazzaɓi ya kwantar da ni a hanya, shi ya yi jinyata kwana huɗu, har agogonsa ya sayar ya saya mini magani. Mahaifiyata ɗa take kiransa. Ranar sunan 'yata shi ya fara isowa.

Da takarda ta yi tsada aka rage shafuka, namu ya tafi. Shi ya koma Facebook, ni na zauna ina haɗa tafiyar Sudan ta zama littafi. Yanzu sai ga shi yana sakin labarin Maiurno kashi-kashi, da hirarrakin da muka yi da dattawan garin, ba sunana ko sau ɗaya. Tunda yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, komawa ba ta yiwuwa. Idan ya gama saki, wa zai sayi littafina? Wata biyu ke nan ba mu yi waya ba.

Baban Khalifa: Malam, gaskiya ɗaya ce, kai ka yi barci. Shekara nawa littafin yana cikin jaka? Je ka Sabon Gari ka ga masu sayar da littattafan Hausa nawa suka rage. Mai karatu yana cikin waya. Buɗe shafinka yau ka riga shi sakin sauran.

Mai tambaya: Ba barci na yi ba, Yallaɓai. Sau biyu ina kai wa maɗaba'a, kafin in haɗa kuɗi farashi ya tashi. Kuma abin da aka buga yana zama. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka fara ta, har yau masu bincike suna neman tsofaffin kofenta a Zariya da Kaduna. Rubutun Facebook bayan sati wa ke tuna shi?

Maman Ilham: Ni wannan ya taɓo mini ciwo. Na kwana ina rubuta labari, na sayar a WhatsApp, washegari wata da ta biya ta watsa shi a guruf-guruf kyauta. Ƙawata ce kuma, tare muke zuwa taron marubuta. Da Okadabooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet, ta rufe a 2023 ma sai da na sake neman masu karatuna daga farko. Kada ka yarda da kowa, ɗan uwa.

Baban Khalifa: Hajiya, naki satar fasaha ce, nasa daban. Mutum biyu sun yi tafiya, kowa da idonsa. Ba wanda ya mallaki Maiurno.

Ɗan Damagaram: Ban gane wani abu ba. Wa ya ɗauki hotunan? Hirar a rikodar wa take? Kun taɓa yin magana a kan littafin?

Mai tambaya: Kyamarar tasa ce. Amma tambayoyin ni na tsara su, ni na san tarihin hijirar. Ya taɓa cewa mu buɗe shafi tare, na ce ya bari littafi ya fito tukuna.

Baban Khalifa: To ka ji! Ya gayyace ka ka ƙi. Shekara nawa kake so ya jira? Shi ma yana da iyali, kuma yanzu Facebook na biyan masu shafi a Nijeriya. Na faɗa na ƙara, buɗe naka.

Kawu Na Zariya: Ɗana, kada ka biye wa gasa. Wanda ya sayar da agogonsa dominka ba a yi masa hukunci daga nesa. Taka ka je gidansa bayan Magariba, ku zauna ku biyu. Ka ce ya riƙa ambaton sunanka, littafin kuma ku sa sunayenku tare. Mu da muka yi aikin jarida da keken rubutu, yawancin abokanmu sun rasu, ko wanda za mu yi wa gardama babu.

Maman Ilham: Kawu, a yi haƙuri, amma kullum wanda aka cuta ake ce wa ya taka. Ya sa shi a rubuce, da shaidu.

Mai tambaya: Na gode, Kawu. Sai dai littafin ni na rubuta shi, babi goma sha ɗaya, ba zan iya sa sunan wani a bango ba. Kuma ni ne babba, shi ya kamata ya kira.

Ɗan Damagaram: To hotunan da za ka sa a littafin fa, ka nemi izininsa?

Baban Khalifa: Bar shi, bai shirya jin gaskiya ba.

Mai tambaya: Hotunan ai tare muka tsaya aka ɗauka. Yanzun nan ma ya saki kashi na bakwai, hirar limamin da ni na yi.