Yaya zan yanko fadamar Haɗejiya da Nguru kaɗai daga hotunan tauraron ɗan'adam?

Ɗalibi daga Nguru:
Assalamu alaikum malamai. Ina bincike kan yadda ambaliyar fadamar Haɗejiya da Nguru ta sauya bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Na sauke hoto guda ɗaya na Landsat, jerin taurarin ɗan'adam na Amurka masu ɗaukar hoton ƙasa, daga shafin intanet na EarthExplorer, ya cinye datar da nake sa ran za ta kai ni ƙarshen mako, alhali abin da nake bukata bai kai rubu'in hoton ba. Shin akwai hanyar da zan yanke yankina tun kafin in sauke?

Malamar taswira:
Wa'alaikumus salam. Hoton Landsat guda yana ɗauke da ƙasa mai faɗin kusan kilomita 185, shi ya sa yake da nauyi haka. Shawarata ita ce ka koma Google Earth Engine, dandalin Google na sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam, inda za ka zana iyakar fadamar, a yi lissafin a kan manyan kwamfutocinsu, kai kuma ka sauke sakamakon kawai, sai dai dole ka koyi ɗan rubutun yaren kwamfuta, JavaScript ko Python. Idan hakan ya yi maka nisa, shafin AppEEARS na hukumar NASA yana karɓar iyakar da ka zana ya yanko maka bayanan MODIS, wata na'urar ɗaukar hoto da ke kan taurarin NASA. Amma ƙwayar hoton MODIS mafi ƙanƙanta, wato faɗin ƙasar da ɗigo ɗaya na hoton ke wakilta, mita 250 ce, ƙananan tafkuna za su ɓace maka, kuma bayanansa ba su fara ba sai a 2000.

Tsohon ma'aikacin safiyo:
Ina tare da Malama, amma akwai abin da ya fi yankan muhimmanci, ɗana. Tunda tarihi kake bi, Landsat ne gatanka, domin tun 1972 yake ɗaukar hoto, tauraron Sentinel-2 na Turai kuwa, duk da kyawun ƙwayar hoto ta mita 10 da yake da ita, a 2015 ya fara. Ka kula da hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003, saboda wata na'urarsa ta lalace, za ka ga ratsi-ratsi marasa bayani a jikinsu. Sannan ka tsaya kan wata guda a kowace shekara. A Agusta gajimare kan rufe komai, ni Oktoba na fi so, lokacin da sama ta washe ruwa kuma bai janye ba.

Ɗalibi daga Nguru:
Na gode ƙwarai, Malama da Baba. Zan fara da hotunan Oktoba, in kawo muku abin da na samu ku duba mini.