Ina ake samun alƙaluman marasa aikin yi na Zariya, kuma wa ake tambaya?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta matasa tana shirya takardar buƙatu da za mu kai wa wakilanmu, kuma muna son ta tsaya kan hujja. Abu biyu muke nema. Na farko, adadin marasa aikin yi a ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari. Mun ga an ce kashi 33 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, mun kuma ga an ce kashi 4, wanne ne gaskiya? Na biyu, nawa aka ware wa koyar da sana'o'i a yankinmu, nawa aka kashe, mutum nawa suka amfana. Shin talaka yana da ikon ya je ofis ya nemi waɗannan takardu? Masana a taimaka.

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, duka alƙaluman biyu daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, suka fito. Kashi 33.3 na watanni ukun ƙarshe na 2020 ne. Kashi 4.1 kuwa na watanni ukun farko na 2023 ne, kuma a watan Agustan 2023 aka fitar da shi. Tsakanin su ba ayyuka ne suka ƙaru ba, mudun awon aka sauya.

A tsohon tsari, ana ƙirga masu shekara 15 zuwa 64, kuma wanda ya yi aikin ƙasa da awa 20 a mako ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ana farawa daga shekara 15 ba tare da iyaka a sama ba, kuma duk wanda ya yi aikin ko da awa ɗaya cikin kwana bakwai da suka wuce don a biya shi ko don riba, mai aiki ne. Yaron da ya gama digiri yake zaune a ƙarƙashin laima a Kwangila da na'urar POS ta wani, ya kan tashi da abin da bai kai kuɗin mota ba, a littafin NBS yana da aiki. Kafin a kira mutum marar aiki sai sharuɗɗa uku sun haɗu: bai yi aikin komai ba a makon, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya fara. Wanda ya gaji da nema ya zauna gida ba ya cikin lissafin gaba ɗaya. Don haka kada ku jera 33.3 da 4.1 a takardarku kamar abu ɗaya suke aunawa. Duk jami'in da ya san aikinsa a nan zai kama ku.

A ganina alƙalumman da suka fi yi muku amfani suna cikin wannan rahoton na NBS na 2023, a shafukan da 'yan jarida ba su cika buɗewa ba. Akwai kason masu aikin da bai kai awa 40 a mako ba alhali suna son ƙari. Akwai kason matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 da ba sa aiki, ba sa makaranta, ba sa koyon sana'a. Akwai kuma kason masu aikin da ba shi da rajista ko takardar ɗauka, wanda ya haura kashi 90 cikin ɗari na masu aiki. Wannan na ƙarshe shi ne hoton Zariya.

Batun ƙaramar hukuma kuwa, babu wannan adadi a binciken. Gidaje dubu talatin da 'yan kai ake zagayawa a faɗin ƙasa cikin shekara, wannan ya isa a yi hasashen ƙasa da na jiha, bai isa a raba wa ƙananan hukumomi 774 ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma tun 2006. Ku ɗauki na jihar Kaduna daga rahoton shekara na NBS, ku kuma rubuta wa Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna ku tambayi binciken gidaje na baya-bayan nan da ta yi da matakin da aka rarraba sakamakonsa. Wanda ya ba ku adadin marasa aiki na Sabon Gari, ku tambaye shi sunan binciken da shekararsa.

Lauyan Kongo:

Malam ya gama da ɓangaren farko. Na biyun, eh, kuna da iko, kuma a rubuce yake. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ce ta 2011, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu na shekarar. Sashe na 1 ya ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Benin ta goyi bayan haka a 2018. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta warware wannan a wata shari'a daga jihar Edo, ta ce dokar ta shafi jihohi ma.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen rubuta wasiƙar. Dokar takardu take ba ka, ba amsar tambaya ba. In ka rubuta "me ya sa matasanmu ba su da aiki?" ba wanda ya wajaba ya amsa maka. Ka rubuta abin da akawu zai iya zarowa daga fayil: kwafin takardar amincewa da kuɗin shirin koyar da sana'a kaza na shekarar 2024, takardun sakin kuɗin, sunan kamfanin da aka ba kwangilar da adadin kuɗinta, da yawan waɗanda aka horar a kowace mazaɓa ta ƙaramar hukumar Zariya, maza nawa mata nawa, a wace sana'a. Buƙata uku ko huɗu sun isa wasiƙa ɗaya. Mai buƙata ashirin ita ce ake ajiyewa a ƙasan tire.

A saman wasiƙar ku rubuta cewa kuna nema ne ƙarƙashin wannan doka, ku aika ga shugaban ma'aikatar ko babban sakatare. Ku buga kwafi biyu. Ku kai ofishin karɓar wasiƙu da kanku, a buga wa kwafinku hatimi mai kwanan wata, a sa hannu, ku tsaya har a shigar da ita littafin rajista. Kada ku miƙa wa wani sananne ya shigar muku. Ba hatimi, ba hujja, domin daga ranar da ke jikin hatimin ake fara lissafi.

Kwana 7 suke da shi su ba ku ko su rubuto dalilin hanawa tare da sashen da suka dogara da shi. Suna iya ƙara wasu kwana 7 in takardun suna da yawa, amma sai sun sanar da ku. In takardun suna hannun wata ma'aikata, su ne za su tura wasiƙar can su faɗa muku. Shiru bayan wa'adi, doka ta ɗauke shi a matsayin hanawa, kuma daga nan kuna da kwana 30 ku shigar da ƙara a Babbar Kotu. Wannan kwana talatin ɗin ne ke kashe yawancin buƙatu: ana ta "ku dawo jibi, oga ya yi tafiya" har wa'adin ya wuce. A kotu, ma'aikatar ce za ta tabbatar tana da hurumin hanawa, kuma in aka same ta da hanawa ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar Naira 500,000. Kuɗin da za a karɓa a hannunku na buga kwafi ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi.

Hajiyar Sabon Gari:

Lauya, ka yi bayani, amma ina ganin kada yaran nan su fara da wasiƙa. Rabin abin da suke nema an riga an wallafa shi. Kasafin kuɗin jiha da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku suna wajen Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ta jihar Kaduna, na tarayya kuma a Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya. Kason da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya NBS tana fitar da shi wata-wata, da sunan Zariya da Sabon Gari kowace a layinta. Shafin intanet na baitulmali na Akanta Janar na Tarayya, da aka buɗe a Disamban 2019, an tsara shi ne ya nuna biyan da ma'aikatun tarayya suka yi daga Naira miliyan 5 zuwa sama, da sunan wanda aka biya.

Ku lura da abu ɗaya, 'ya'yana. Abin da aka ware daban, abin da aka saki daban, abin da aka kashe daban. In kun ga miliyan kaza a kasafi, alkawari ne kawai. Ku nemi layin a rahoton aiwatarwa ku ga abin da ke gabansa. Sannan ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, irin rabon keken ɗinki da injin markaɗe, sau da yawa ba a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago ko ta matasa ake sa su ba, ana maƙala su ne a kasafin wata kwaleji ko cibiyar bincike. Ku sauke kundin kasafin, ku binciko kalmar Zaria a cikinsa, ku kwafe lambar kowane aiki da sunan hukumar da ke riƙe da shi. Wannan hukumar ce za ku rubuta wa, da lambar aikin a layin farko.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, Malam da Lauya. Saura tambaya ɗaya: za mu iya neman sunayen waɗanda aka ce an horar, don mu bincika ko da gaske ne?

Lauyan Kongo:

Kuna iya nema, amma a nan za su ɗaga muku sashe na 14, mai kare bayanan mutum na ƙashin kansa, kuma yana ambaton masu karɓar tallafi daga hukuma. Sai dai in kun nuna cewa maslahar jama'a ta rinjayi sirrin mutanen, wannan kuma muhawara ce da ta kan ƙare a gaban alƙali. Hanya mafi sauƙi ku raba buƙatar biyu. Adadi bisa mazaɓa, wurin da aka yi horon, ranakunsa da kuɗin da aka kashe su tafi a wasiƙa ɗaya, sunaye a wata daban, don kada a fake da ɗaya a riƙe duka. Ku kuma ambaci sashe na 18, wanda ya ce in wani ɓangare na takarda ne kawai doka ta kare, a rufe shi a ba da sauran. In an ce muku an buga wa fayil ɗin hatimin sirri, sashe na 28 ya ce wannan hatimin shi kaɗai bai isa dalilin hanawa ba. Da wurin horo da ranakunsa a hannunku, mai unguwa da maƙwabtan wurin za su faɗa muku ko an yi taron, da kimanin mutanen da suka halarta.