Wace kalma za mu ba wa kamun kifin da ba na neman abinci ba?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin fassara da masu kishin harshe. Wani aiki da aka ba ni a nan Abuja ya kawo ni kan wata kalma da ta hana ni sakat, wato angling, wadda Turawa suke nufi da kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya, musamman idan mutum yana yi ne don jin daɗi ba don ciyar da gida ba. Na fara jefa tambayar kwana uku da suka wuce, amsoshi sun taru, kuma ina ganin ya kamata in tattara su wuri guda in faɗi inda hankalina ya kwanta.

Kafin nan bari in ba ku abin da ya sa maganar ta zame mini kamar ƙaya a maƙogwaro. Wata Asabar da safe na je bakin Tafkin Jabi, na tarar da wani mutum zaune a kan kujerar da ake naɗewa, riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa, da wani ɗan gargare a gindinta yana murzawa zare yana naɗuwa. Bayan kusan rabin sa'a sai ya fizgo karfasa mai faɗin tafin hannu biyu, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar da filaya a hankali, ya ɗauke ta hoto da waya, sannan ya sunkuya ya mayar da ita ruwa. Akwai wani dattijo a gefe yana gyaran koma a cikin kwalekwalensa, na ce masa, "Baba, wannan shi ma masunci ne?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, masunci ba ya sakin abin da Allah ya ba shi. Wannan ƙoshi ne ya kawo shi bakin ruwa." Tun daga nan na gane cewa duk kalmar da za mu zaɓa dole ta raba wannan mutum da dattijon nan, domin Bahaushe ya riga ya raba su a ransa.

Shawara ta farko da aka fi kawowa ita ce a ɗauki kalmar "su", tunda ita ce asalin kalmarmu ta wannan sana'a, daga ita aka sami masunci da masunta. Ina girmama wannan ra'ayi, amma yana da cikas biyu. Na farko, su sana'a ce mai gado da sarauta, ta Sarkawa da sauran mutanen kogi, tana da Sarkin Ruwa, tana da kayan aikinta irin su taru da birgi da mamari da gura, kuma mai jefa ƙugiya ɗaya ranar hutu ba ya cikin wannan gida. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna a matsayin mai rubutu, idan aka haɗa "su" da wata kalma sai ta koma "sun", kuma tunda ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum, wanda ya ga "sun nishaɗi" ko "sun wasa" a kanun labari zai ɗauka an manta da aikatau ne, ana so a ce "sun yi wasa". A baki babu rikici, amma a takarda akwai, kuma yawancin masu cin karo da kalmar a allon waya za su gan ta.

Wata 'yar'uwa ta ce to a sauƙaƙa a ce "kamun kifin nishaɗi". Wannan ya fi kusa, sai dai kunne yana iya manna nishaɗin a jikin kifin maimakon kamun, har mutum ya zaci ana maganar ƙananan kifayen ado ne da ake zubawa a akwatin gilashi a falo. Idan aka gyara aka ce "kamun kifi don nishaɗi" an tsira daga wannan, amma an sami bayani ne, ba suna ba, kuma ba za ka iya kiran mai yin abin da shi ba tare da jan dogon numfashi ba.

Wani malami daga Jos ne ya tuna mana da abin da yake gabanmu muna ta tsallake shi. Ya ce tun suna yara, idan suka sami kara da zare da ƙugiya suka haƙo tana suka nufi kududdufan da haƙar kuza ta bari, ba su taɓa cewa za su je "su" ba, cewa suke yi za su je fatsa. Gaskiyarsa, kuma na ji kunyar yadda na manta. Fatsa tana nufin ƙugiyar, tana kuma nufin aikin kamun kifi da ita, kuma abin da ya ƙara burge ni shi ne ita ma kalmar Turancin haka tarihinta yake, domin ta samo asali ne daga tsohuwar kalmarsu ta ƙugiya. Ke nan harsunan biyu hanya ɗaya suka bi ba tare da sun yi shawara ba: sun ɗauki sunan makamin suka ba wa aikin. Ba ma bukatar ƙirƙira a nan, kalma tana nan da ranta a bakin yara.

Wani ya yi gardama cewa fatsa ta yara ce da ƙananan kifaye, ba za ta iya ɗaukar abin da ake yi a teku ba, inda masu kuɗi suke hayar jirgi mai inji su shiga ruwan ɗumi na gaɓar Fulorida ko na Legas su yi awa guda suna kokawa da kifi ɗaya da ya fi su nauyi. Ban yarda ba. Girman kifin ba ya canza yadda aka kama shi. Ƙungiyar duniya da take ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama ta wannan hanya, wadda aka kafa a Amurka a 1939, ba ta karɓar kifin da aka kama da koma ko mashi, sai wanda mutum ɗaya ya jawo da sanda da zare da ƙugiya, kuma a littafinta akwai giwan ruwa da ya haura kilo 100 wanda aka kama a Tafkin Nasar na Masar a 2000. Wannan fatsa ce, ko da an yi ta a kan jirgin miliyoyi. Abin da ba fatsa ba shi ne na Argungu, bikin da aka faro a 1934 wanda UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, domin can da homa da gora ake faɗawa kogin Matan Fada. Wancan gasar "su" ce, kuma kyan kalmar fatsa shi ne ta bar wa Argungu sunansa ba ta taɓa shi ba.

Saura abin da za a jingina mata don a nuna ba ta neman abinci ba ce. An kawo huɗu. "Fatsar wasa" tana raina abin, kamar mai yin bai san abin da yake yi ba, alhali wasunsu sun fi mu sanin lokacin da tsage yake cin koto da zurfin da tarwaɗa take kwanciya. "Fatsar marmari" tana da daɗi a baki, na so ta ƙwarai, amma marmari na ci ne, kuma mutumin Jabi bai ci kifinsa ba. "Fatsar sha'awa" tana da madogara a yadda ake cewa kiwon sha'awa ga mai tantabaru, sai dai kowa ya san inda tunanin wasu yake karkata da jin wannan kalma, kuma ba na so mai karanta labarai ya riƙa danne dariya. Na tsaya a kan fatsar nishaɗi, mai yin ta kuma ɗan fatsa, jam'i 'yan fatsa, kuma inda zance ya riga ya nuna hutu ake yi, fatsa kaɗai ta wadatar.

Ƙananan kalmomin da suke biye da ita ba su ba mu wahala ba. Gargaren da yake naɗe zare mun ara masa kwarkwaro daga masaƙa da teloli, kifin roba ko na ƙarfe da ake yaudarar babban kifi da shi koton ƙarya ne, al'adar mayar da kifi ruwa kuwa kama-saki. Wani ya tambaya ko ya halatta a huda bakin halitta don jin daɗi kawai a sake ta; tambaya ce mai nauyi, amma ta malamai ce, mu namu shi ne samar da sunan da za su yi fatawa a kai.

Abin da har yanzu ba mu gama ba shi ne sunan jirgin ruwan da ake hawa don hutu, wanda Turawa suke kira yacht. Kalmar yacht daga mutanen Holan ta fito, asalinta farauta take nufi, kuma ta sami gindin zama a Ingila bayan da aka ba Sarki Charles na biyu kyautar irin wannan jirgi a 1660. A Legas ma akwai kulob ɗin masu irinsa tun 1932. 'Yan jarida sun saba cewa "jirgin ruwa na alfarma", wanda ya dace da na attajirai mai ɗakunan kwana, amma bai dace da ƙaramin mai tafiya da iska wanda mutum biyu suke sarrafawa ba. Ni na fi son "jirgin shaƙatawa", domin yana ɗaukar babba da ƙarami, har da masu injin da suke zagaya mutane a Jabi da tafkin Rayfield na Jos.

Roƙo ɗaya ga masu fassara gargaɗin hukumar hanyoyin ruwa: rigar da take hana mutum nutsewa kada a kira ta "rigar ruwa", domin ga Bahaushe wannan ta damina ce, wadda ake sawa a hau babur. Na ga ana rubuta "rigar kariya", ni kuma ina ba da shawarar "rigar ceto". Mutanen Yawuri da na bakin Kainji, ku da kuke ganin ta kullum a mashiga, ku gaya mana abin da 'yan fito suke kiranta.