Neman shawara: kullum ni ke biyan kuɗin shayi saboda Candy Crush

Mai POS, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada a yi mani dariya, da gaske nake. Mu biyar ne a majalisarmu, bayan isha'i mukan zauna wajen mai shayi mu buga Candy Crush, wasan jera alewa na waya. Dokarmu ita ce a zaɓi mataki ɗaya wanda kowa ya riga ya wuce, kowa ya buɗe a wayarshi, a sa agogo minti uku. Wanda ya fi maki shi ne sarkin dare, na ƙarshe kuma shi zai biya shayi da indomin kowa. To ni na zama kamar mai ɗaukar nauyin majalisa. Akwai wani abokinmu tela da ba a taɓa ganin shi a ƙasa ba, kuma raina yana ba ni sayen kayan taimakon nan yake yi a ɓoye. Ni hannuna yana da sauri, aikina ma danne-danne ne, amma makina ba ya tashi. Wayata ce matsalar, ko akwai dabarar da ban sani ba? Ko ni ma in fara saye?

Maman Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, saurin naka ne ke kayar da kai. Wasan nan ba daƙiƙa yake ƙirgawa ba, taku yake ƙirgawa. Ku ne kuka ɗora mashi agogo, shi bai san da shi ba. In ka jera alewa uku maki 60 ne. Huɗu 120 ne, kuma ta bar maka mai ratsi wadda ke share layi guda. Biyar a jere 200 ne, ta ba ka baƙar ƙwallon nan mai ɗigo-ɗigo da ke kwashe duk launi ɗaya daga allo. In ka haɗa su kamar harafin L ko T, naɗaɗɗiya za ka samu, mai fashewa sau biyu. To mai gaggawa da ya hango uku sai ya ja, alhali da ya tsaya ya duba gefe, taku ɗaya ne tsakaninshi da biyar.

Kuma kada ka fasa su ɗai-ɗai, nan mutane ke asara. Ka lallaɓa har mai ratsi ta zo kusa da naɗaɗɗiya, ka haɗa su, layi uku a tsaye da uku a kwance za su tafi. Ƙwallon da mai ratsi kuwa, duk alewar wannan launin sai ta koma mai ratsi ta tashi. Ni in na samu ƙwallo ajiye ta nake kamar kuɗin adashi, ba na taɓa ta sai abokiyar haɗinta ta iso. Sannan ka riƙa yin aikinka daga ƙasan allo. In ka ja a ƙasa duk na sama sai sun motsa, su yi ta haɗuwa da kansu ba ka kashe taku ba. Babban abin da nake zaton telan naku ya gane shi ne, in ka gama mataki da sauran taku a hannu, wasan da kanshi yake mayar da su maki a ƙarshe. Wanda ya gama da taku takwas a ajiye, ba za ka kamo shi da saurin yatsa ba.

Banufen Babbar Kasuwa:
Bakatsine ana cin shi kullum yana biya yana murmushi. Kunya gare ku ba dai tsoro ba, ashe har a gaban mai shayi. Ka turo mani wayar in buga maka, a raba indomin biyu.

Mai POS, Ƙofar Ƙaura:
Kai dai Banufe ka bari manya su yi magana. Maman Tagwaye Allah ya saka da alheri, wallahi ƙwallon nan da ta fito nake fasa ta.

Tsohon Ɗan Kafe:
Maman Tagwaye ta gama magana a kan dabara. Ni abin da zan ce, kun ɗauki wasan da ba na tsere ba kuna tsere da shi. Candy Crush ya fito a Facebook a 2012, kamfanin King ne ya yi shi, amma kafin shi mu abin da muke bugawa a kafen intanet shi ne Bejeweled Blitz na kamfanin PopCap. Wannan shi ne na sauri na gaskiya. Allo takwas sau takwas, minti ɗaya cak, babu iyakar taku, kuma akwai jerin abokanka na Facebook da ake sharewa duk mako a sake sabon lale. A can ba ka jiran duwatsu su gama zubowa, hannu yana dama ido ya riga ya koma hagu. In ka yi ta haɗawa ba tsayawa sai allon ya kama da wuta, duk abin da ka haɗa ya riƙa fashewa. Irin hannunka can ya dace. Muna biyan kuɗin awa ɗaya mu ƙarar da ita a wasan minti ɗaya-ɗaya, mai kafe yana tsaye a kanmu yana cewa lokaci ya cika.

In dai Candy Crush za ku ci gaba da shi, ku cire agogon nan ko ku ƙara shi. Kuma gasar taku akwai rashin adalci tun daga tushe, don ko mataki ɗaya kuka buɗe, zubin alewar kowa daban yake fitowa. Wani zai buɗe ya tarar da huɗu a jere suna jiran shi, wani ya buɗe ya ga kamar an watsa tsakuwa. Buga ɗaya ba ya nuna gwani. Ku yi uku-uku a tara maki.

Mai Gyaran Waya, Daura:
Ba wayarka ba ce, indai ba tsayawa take yi ba. Abin da zan ja kunnenka a kai biyu ne. Rai biyar ake ba ka, kowane yana dawowa bayan minti 30, kuma na san akwai masu tura agogon waya gaba don su cika da wuri. Kada ka yi a wayar da kake aiki da ita. WhatsApp zai ce maka kwanan watanka ba daidai ba ne ya ƙi buɗewa, kai kuma mai harkar kuɗi ne, lokacin alat ɗinka ya rikice ka shiga rigima da kwastoma. Na biyu, kada ka ɗaura katin bankinka a Play Store saboda wasa. Ana kawo mani wayoyi ana cewa an yi masu kutse, in na duba sai in ga yaro ne ya yi ta danna sayen zinaren cikin wasa. Wasan kyauta ne a sauke, amma da sayen ƙarin taku biyar ɗin nan suke cin abinci. Kamfanin fa dala biliyan 5.9 aka saye shi a 2016, ba da sadaka ya kai haka ba.

Maganar zargi kuma mai sauƙi ce. Waya ɗaya za a ajiye a tsakiya, a kashe data, kowa ya karɓa ya buga a gaban kowa, ba kayan taimako irin su guduma da hannun sauya wuri. Sai dai rai biyar ne ku ma biyar, don haka ku zaɓi matakin da ba a faɗuwa, tunda in an ci matakin, rai ba ya raguwa.

Malamin Islamiyya:
Ɗana, kowa ya ba ka dabarar ci, ni ina da magana a kan biyan. Wasa tsakanin abokai in bai hana salla da neman abinci ba, ban ce komai ba. Amma sharaɗin nan na cewa wanda ya faɗi shi zai biya, kowa ya zauna ne ko ya ci na wani ko a ci nashi, wannan siffar caca ce ko da kofin shayi ne. Ka duba Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91. Aya ta biyun ta ambaci gaba da ƙiyayya da caca ke jefawa tsakanin mutane, kai kuma ga shi har ka fara zargin abokinka a gaban jama'a. Ku mayar da shayin karɓa-karɓa, yau wane gobe wane, ba ruwan shi da maki. In kuna son kyauta, wani wanda ba ya cikin wasan ya sa. Ka ƙara tambayar malaman unguwarku.

Mai POS, Ƙofar Ƙaura:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma zan kai masu maganar yau. Na san biyu daga cikinsu za su ce don ni ke faɗuwa ne na kawo fatawa.

Maman Tagwaye:
Ai za su faɗa. Ka bari sai daren da ka zo na biyu ko na uku sannan ka kawo ta.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, a'a. Yau ɗin dai.

Tela, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum. Ni ne telan. Wani ne ya turo mani hoton wannan magana ina tsakiyar yanka shadda. Abokina, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Ko naira ban taɓa sa wa wasan nan ba, wayata ma babu kati a kanta, ka zo ka duba. Gudumar da ka gani kyautar kullum ce da wasan ke bayarwa, tarawa nake, kuma na yarda daga yau a hana amfani da ita. Kai matsalarka kana bugawa kana leƙen allon mutane, ga ihu in ƙwallo ta fito. Sharaɗin waya ɗaya na karɓa, taka ma za a ajiye don kada ka ce tawa ta san hannuna. Maganar Malam kuma gaskiya ce, a koma karɓa-karɓa, ni zan fara yau. Amma na shekaranjiya da ka ce wa mai shayi ya rubuta, yana nan a littafi, ya ce in tuna maka har da ƙwai biyu.