Shakkar kai a shekarar farko ta digirin digirgir: alamar rashin cancanta ce?

Sabuwar Ɗaliba:
Assalamu alaikum. Ina shekarar farko ta digirin digirgir, kuma har yanzu taken bincikena bai zauna ba, domin duk maƙalar da na karanta sai ta nuna mini wani fage da ban taɓa taka shi ba. A taron ƙara wa juna sani na sashenmu bakina yakan yi nauyi, ina ganin kowa ya fi ni sani, ina kuma fargabar ranar da malamin da ke duba aikina zai gane cewa ban kai yadda yake zato ba. Shin wannan alama ce ta rashin cancanta, ko haka kowa yake farawa?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yata. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kan wannan hali a 1978, bayan sun lura da mata da suka yi fice a karatu da aiki amma suna danganta nasararsu ga sa'a, suna tsoron a bankaɗo su. Tushen abin, a ganina, shi ne daga firamare har digiri na biyu ana auna ki ne da tambayoyin da wani ya riga ya san amsarsu, yanzu kuwa an ɗora miki tambayar da ko malaminki bai san amsarta ba. Rashin tabbas ɗin yana cikin aikin kansa. Sauya take a shekarar farko kuma abu ne da muke gani kullum.

Mai Rubuta Kundi:
Na yarda da Malam, sai dai 'yar'uwa, sanin dalilin ciwo ba ya rubuta babi. Ki mayar da damuwar zuwa tambaya a takarda. "Ban iya ba" ba ta da magani, amma "ban gane yadda zan zaɓi waɗanda zan yi hira da su ba" ana warware ta a zama ɗaya. Ki riƙa kai wa malaminki shafi biyu ko uku tun suna ɗanye, kada ki jira sai sun goge, kuma bayan kowace ganawa ki aika masa taƙaitaccen bayanin abin da kuka tsayar, ya tabbatar. Jan biron da za ki gani a gefen shafi gyara ne ga rubutun. Ki kuma yanke wa bitar ayyukan magabata ranar tsayawa, domin karatu yakan zama maɓoyar mai tsoron rubutu.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ƙanwata, akwai iyakar da ya kamata ki lura da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan ɗaliban digirin digirgir a yankin Flanders na Beljiyam ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na fuskantar haɗarin matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, musamman baƙin ciki mai tsanani. Idan barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita daga ranki, ko kika shafe makonni kina guje wa mutane, to ki ga likita ko sashen ba da shawara na jami'arku, kada ki bari sai kin kare tsarin bincikenki.